Garmar da Isiyaku Bai Karɓo Ba

Barira mai fura ce ta fara gaya mini cewa yayana Isiyaku ya shiga soja. Rubuta sunanta da kyau, Nafisat, Allah ya ji ƙanta, don yanzu ba wanda ya rage da zai tuna da ita sai ni. Kuma ki rubuta yadda na faɗa, ban da gyare-gyarenku na 'yan boko. In na saki hanya ki taɓa ni da biron, amma kada ki katse ni.

Da damina ne, shekarar da aka fara yaƙin basasa, ranar kasuwar Kura. Ina gona ina maimai, la'asar ta yi sanyi, sai ga ta ta dawo da ƙwaryarta a ka, ba komai a ciki. Ta tsaya a bakin hanya ta ce, "Kai Hashimu, aje fartanyar nan ka zo."

Na ce, "Goggo Barira, in ragowar fura ce kawo, in surutu ne ina da aiki."

Ta ce, "Ƙaniyarka da aikin. Yayanka ya hau motar soja, da idona na gan shi. Ya sha fura a wurina, ya goge baki, ya ce in gaya maka garma tana maƙerar Tambaya, in ya dawo zai karɓo."

Iyakar sallamar da ya yi mana ke nan. Ba uba, ba uwa, sai garma.

Bari in gaya miki wane ne shi, don ke ko hotonsa ba ki taɓa gani ba, ni ma ban taɓa ba, ba a ɗauke shi ba. Ya girme ni da shekara huɗu. Dogo ne, bahago, ga shi da yawan fito, Baba kuwa, wato Badamasi, kakan babanki, ya tsani fito, ya ce kiran shaiɗan ne. A gandun Baba muke noma duka, amma ya yanka wa Isiyaku 'yar gayauna a bakin rafi, tasa ta kansa. Lokacin ba kanal na ban-ruwa, ba ruwan madatsar Tiga, in damina ta wuce gari ya bushe ƙurmus, samari sai zaman gindin bishiya ko tafiya cin rani. Shi kuwa sai ya kafa jigo a gayaunar nan yana albasa. Kin san jigo? Ina za ki sani. Doguwar sanda ce a kan gwafa, guga a gaba, curin laka a baya, ka ja ka tsoma ka ɗaga ka juye, tun safe har hannunka ya daina jin kansa. Sandar jigon nan ce ta datse masa kan ƙaramin yatsansa na hagu. Ki riƙe wannan, yana da amfani a gaba. Ya naɗe da tsumma ya ci gaba da ja. Yakan ce mini, "Hashimu, ranar da ruwa zai zo gona da ƙafarsa, ranar zan zama mutum." Ni kuwa in yi ta dariya, in ce sai ka jira ranar da jaki zai yi ƙaho.

Abin da yake so a duniya keke ne. Ya so ya tafi cin rani ya samo, Baba ya ce ɗan fari ba ya barin gandu. Sau biyu suna yin wannan maganar, ta biyun har Baba ya ɗaga hannu, bai dai sauke a kansa ba. Ban ce wannan ne ya kai shi soja ba. Ban sani ba. Wasu sun ce badujalar da aka buga a kasuwar ce ta ɗebe shi, shi da samari da yawa. Allah ne masani.

Ita kuma Inna, mahaifiyarmu, shi ne ɗanta na fari, kuma irin matan zamanin da ce. Ba ta faɗin sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa magana kai tsaye. In za ta ba shi tuwo sai ta ajiye ta ce wa bango, "A ɗauka." In dole ta ambace shi sai ta ce "mai jigo". Ku yanzu kuna rungumar 'ya'yanku na fari a gaban surukai, har da su hoto. To da ba haka ba ne. Ba ƙi ba ne, alkunya ce, kuma wallahi wani lokaci ta fi duka ciwo.

A zamanin nan namiji ba ya shiga kasuwa sai da takardar haraji a aljihu, don 'yan doka suna tsayawa a baki su ce nuna. Takardunmu Inna ce take ajiyewa a cikin wata kwalla a jerenta. Ba wanda ya iya karatun boko a gidanmu, sai ta yi musu alama: ta Baba ba komai, ta Isiyaku ta ɗaure da baƙin zare, tawa da ja. Da safiyar ranar, garmar huɗa ta tsage a baki, Baba ya ce Isiyaku ya kai wa Tambaya maƙeri ya gyara, a samu a yi wa gayaunar huɗa kafin ruwa ya yi yawa. Ina gani ya tsaya a ƙofar ɗakin Inna ya yi gyaran murya. Ta fito da sauri, fuskarta a gefe, ta ɗora takarda a kan turmi ta koma. Ya ɗauka ya cusa a aljihu, ya saɓa garma, ya fita yana fito.

Da na kai wa Baba maganar Barira yana alwala, sai da ya gama. Sannan ya ce, "Wanda ya kai garmar nan shi zai karɓo ta. Duk wanda ya taka maƙerar Tambaya a kanta ban yafe ba." Ya je ya aro wata. Ni kuma ya hana ni zuwa kasuwa shekarar nan gaba ɗaya, yana tsoron kada in bi sahu.

To da kaka, ana yankan dawa, sai ga Malam Amiru, malamin dagaci, a kan kekensa, da takarda a hannu. Ya yi sallama da Baba a zaure, ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam Badamasi, sai haƙuri. Takarda ce ta biyo daga Kano ta hannun hakimi. An ce ɗanka Hashimu ya rasu a kudu."

Ni kuwa ina bayan Malam Amiru, na shigo ke nan da damin dawa a ka.

Baba ya ce, "Wane Hashimun?"

Ya ce, "Hashimu Badamasi, ƙasar Kura."

Baba ya ce, "Juya ka gaisa da gawar."

Ya juya ya gan ni, har sai da takardar ta faɗi. Mutanen da suke zauren suka fashe da dariya, wani har da riƙe ciki. Wani ya ce, "Marigayi, sauke damin ka huta, ka sha hanya." Ni ma na yi dariyar, har na kwanta a ƙasa na miƙe ƙafa don su ƙara.

Kada ki ɗauka mu wawaye ne. Da dariyar ta lafa Baba ya ce, "Malam Amiru, ni ɗana da yake kudu Isiyaku ne. Duba da kyau." Ya ɗauki takardar ya bi ta da yatsa sau biyu, ya ce, "Hashimu aka rubuta. Gwamnati ba ta kuskuren suna, Malam. In Isiyaku ne, Isiyaku za ta rubuta. Badamasi nawa ne a ƙasar Kura? Na wani gidan ne aka kawo nan." Baba ya kama wannan magana da hannu biyu. Wa zai ƙi kamawa? Aka mayar da takardar inda ta fito. Bayan 'yan watanni kuma wani ɗan tireda ya rantse ya ga mai kama da Isiyaku a tashar jirgin Makurɗi, da bindiga, yana cin rake. Shi ke nan muka zauna a kan haka.

Daga ranar sunan ya bi ni. Marigayi. Kin ji asalinsa yau. Har dillalan tumatir na Kwanar Gafan da shi suka san ni, a kan kwandunana ma haka suke cewa, kayan Marigayi sun iso. Ke ma tun kina ƙarama haka kike tsokanata, ki ce ba za ki auri gawa ba, ni kuma in ce na fasa, amaryar ba ta iya tuwo ba. Ina jin daɗin sunan, ba zan ɓoye ba. Na ɗauka tsawon rai yake jawo mini.

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba. Inna tana bayan danga tana sheƙe gero, ta ji komai. Ba ta fito ba. Kwana uku bayan nan ta daka gumba mai yawa ta raba wa yaran unguwa. Na ce, "Inna, bikin me ake?" Ta ce, "Sadaka ce kawai." Na ɗebi curi biyu. Ran kwana bakwai ta toya waina. Can kuma da aka jima, sanyi ya shigo, ta sake yin gumba. Duk na ci. Ban ƙirga kwanakin ba.

Tsaya in sha ruwa.

Da aka ce yaƙi ya ƙare, sojoji suka fara dawowa, wani da rediyo, wani da ƙafa ɗaya. Muka jira wata shida, shiru. Baba ya sa babbar rigarsa muka tafi barikin soja na Kano, ni da shi. Wani akawu ya saurare mu, mutumin kirki, har kujera ya ba Baba. Ya ce, "Mece ce lambarsa?" Baba ya ce, "Ba shi da lamba, suna gare shi, Isiyaku." Ya ce, "Baba, soja lamba ne. Amma bari in duba." Ya buɗe wani littafi kamar faifai, ya buɗe wani, ya ce babu. Ya ce wataƙila ta wani gari aka rubuta shi. A mota muna dawowa Baba ya ce, "Ka ji ko? Ba ya cikin matattu." Ni dai ban ji an faɗi haka ba, amma na ce, "Na ji."

Bayan 'yan shekaru ruwan ya zo da ƙafarsa. Aka datse Tiga, 'yan awo suka shigo da sanduna masu ja da fari, katafila ta bi bayansu. Ɗorawar da muke hutawa, tsamiyar kan iyaka, gwafar jigon Isiyaku da ta rage, duk aka ture aka baje, ƙasa ta zama kamar tafin hannu, mutum bai gane gonar ubansa. Aka haƙa kanal, aka sake yanka wa kowa rabonsa. Da aka zo rubuta sunaye Baba ya tsaya kai da fata sai an ware ta Isiyaku da sunansa, 'yar ƙasa da eka ɗaya, wadda take manne da ƙaramin kanal. Ranar da aka fara sako ruwa, muna tsaye muna kallo yana tahowa yana turo ganye da kumfa a gabansa, ba guga ba igiya, ya shiga gayaunar nan shi kaɗai. Baba ya juya baya ya tafi gida.

Ni nake noma ta tun lokacin, amma ban taɓa haɗa ta da tawa ba. Alkama da sanyi, tumatir, daga baya shinkafa. Abin da ta bayar a ci a gida, a yi sadaka, ƙasar dai ta mai ita ce. Da Baba zai cika ya riƙe hannuna ya ce, "Hashimu, gonar yaron nan amana ce. Kada a raba, kada a sayar, sai an gan shi, ko an ga wanda ya ga kabarinsa." Na ce to. Shekara uku bayansa Inna ta bi shi. Har ta koma ga Allah ban taɓa jin ta tambayi ko an ji labarin mai jigo ba. Da mata suke raba jerenta aka sami 'yar takarda a ƙasan kwalla, ɗaure da baƙin zare. Na gane ta Isiyaku ce. Na ce a raina, ashe tsohuwa ta ajiye wata tsohuwar takardarsa don tunawa. Na jefa ta a gwangwanin da nake ajiye takardun gona, ban sake bi ta kanta ba.

Neman kuwa ban daina ba. Akwai wani tsohon soja, Saje Hamma, Bafillace ne, yana gadi a gonar gwaji ta Kadawa. Shi ya yi yaƙin, kunnensa ɗaya ba ya ji. In na kai masa albasa sai in zauna in yi ta kwatanta masa Isiyaku, ya yi ta girgiza kai. Ya ce, "Marigayi, mu dubu nawa ne? Wanda kuka ci tuwo da shi da safe ma, da yamma ba ka tambayar inda yake." Shi ya kai ni ofishin tsofaffin sojoji a Kano, muka cika takarda, na dangwala yatsa. Shi ya ce a gwada Kaduna. Muka hau motar tumatir, a kan kwanduna, muka isa jikinmu duk tsami. Kwana biyu muna zaune a benci. Aka duba mana, wallahi aka duba, na ga ƙurar fayil a rigar mutumin. Isiyaku Badamasi babu. Akwai Isiyaku Kano har guda nawa, amma ba mai uba Badamasi. Saje Hamma ya ce mini a hanya, "Ko dai ya gudu ne kafin a rubuta shi?" Na yi wata uku ban kai masa albasa ba.

Liman ma ya same ni, ba sau ɗaya ba. Ya ce shari'a ta yi wa ɓataccen mutum iyaka, in shekarunsa sun kai inda tsararrakinsa suka ƙare, a ɗauka ya rasu a raba abinsa. Na ce, "Allah gafarta Malam, na ji shari'a. Amma hannun Baba ne a cikin nawa, ba na shari'a ba."

Sai bara, da baffanki Abdulsamad ya tara ƙannensa suka zo mini. Ban ga laifinsu ba. Gida ya cika, ƙasa ba ta ƙaruwa, kowa yana neman inda zai dasa shinkafa. Ya ce, "Baba, mutumin nan da yana raye da ya haura tamanin. Har yaushe za a ajiye wa wanda ba ya zuwa gona mai bakin ruwa?" Na ce, "Har ranar da za ku binne ni." Ya ce, "To in mun binne ka, mu wa za mu ajiye wa?" Maganar ta zauna mini a ƙirji, don gaskiya ce: in na mutu a haka, na bar musu ƙulli, ko su ci amana ko su yi ta rigima.

A nan ne kika shigo, uwar iyayi. E, rubuta, ai ke ce. Kika ce ƙanin mijinki Taufiq soja ne, a ɓangaren takardu yake, yana da wanda zai iya tambaya inda ake ajiye tsofaffin littattafai. Ya nema wata huɗu, ya bugo ya ce babu, ko akwai wata takarda, kowace iri, mai sunansa? Na ɗauko gwangwanin na zazzage miki a tabarmar nan. Kika kwance baƙin zaren kina ƙyanƙyami, kina cewa kayan Marigayi duk warin ɓera. Kika karanta. Kika ce, "Isiyaku Badamasi. Kaka, ga shekara ma a jiki. Wannan ai harajin ƙarshe ne kafin yaƙi."

Na ce, "A'a, ta wata shekarar ce can baya. Ta ƙarshen ai da ita ya tafi, a gabana ya sa a aljihu."

Kika ce, "To ga ta nan dai a hannuna."

Na zauna ina kallon zaren. Sai na ga turmin, na ga Inna ta fito da sauri fuskarta a gefe, hannunta ya shiga kwalla ba tare da ido ya bi shi ba. Ni kuma shekarar ban je kasuwa ba, ban nemi tawa ba, ban san ba ta nan ba. Na ce miki, "Bugo wa Taufiq. Ki ce ya nemi Hashimu Badamasi."

Kika ce, "Kai kuma? Yaushe ka yi soja?"

Bayan sati uku ya turo hoton shafin a wayarki. Kika ƙara masa girma da yatsu kina karanta mini. Lamba, ga ta nan, lambar da aka yi shekara hamsin ana tambayata. Suna, Hashimu Badamasi. Ƙasa, Kura. Wanda za a sanar, Badamasi, uba. Alamar jiki, kan ƙaramin yatsan hagu a datse. An ɗauke shi soja da damina. Ya rasu kafin kaka, a wajen ƙetare wani babban kogi a kudu. Wurin kabari, ba a rubuta komai ba.

Wata uku bai cika ba yana soja. Duk zuwa barikin nan, duk Kaduna, duk mai cin raken Makurɗi, yana ƙarƙashin ruwa ko ƙasa tun kafin mu gama yankan dawa.

Taufiq ya ce abin da yake zato, mai rubuta sunaye ya karɓi takardar haraji ya kwafe abin da ya gani, layi dogo, ba mai tambayar kowa. Da aka kira Hashimu da safe aka nuna shi, sai ya amsa. Me zai ce? Ya ce ba sunansa ba ne a ce ya yi wa gwamnati ƙarya? Ya amsa. Wata uku ana kiran sunana yana cewa na'am. Ina son in san ko yana dariya in an kira, don shi mai abin dariya ne. Ba wanda zan tambaya.

Ashe gwamnati ta aiko mana. Ta aiko a kan lokaci, har gida, har zaure. Muka yi dariya muka mayar. Ni na kwanta a ƙasa na miƙe ƙafa.

Kuma da na zauna na ƙirga, gumbar nan kwana uku ce, wainar kwana bakwai, ta ƙarshen arba'in. Inna ta sani. Tana jin Malam Amiru ta buɗe kwalla ta ga baƙin zare, ta gane abin da hannunta ya yi. Ta yi wa ɗanta sadakar uku da bakwai da arba'in ita kaɗai, a gabanmu, muna ci muna santi. Me ya hana ta faɗa? Na yi ta juya wannan. Ko tsoron Baba ne, ko ba ta so ta kashe masa ɗan abin da yake riƙe da shi, ko kuwa bakin da bai taɓa furta sunan yaro yana raye ba ya kasa buɗewa ya ce ya mutu. Shekara ashirin ta zauna da shi a ciki. Ban yi fushi da ita ba. Na dai so a ce na tambaye ta sau biyu.

Kada ki yi kuka a kan takardar, za ta jiƙe. Kuma daga yau ki daina kirana da wancan sunan. Na gaya wa na gida. Na kasuwa ba yadda zan yi da su, jiya ma wani ya ɗaga mini hannu daga kan babur ya kwaɗa shi, na amsa, don baki ya saba.

An yi addu'a a masallaci ranar Juma'a, aka raba gumba. Liman ya ambaci sunansa da ƙarfi, Isiyaku ɗan Badamasi, mutane suna tambayar juna wane ne. Tsararrakinsa duk sun tafi, Saje Hamma ma ya tafi ban ba shi haƙuri ba. Taufiq ya ce ana iya neman a gyara sunan a littafi, amma sai an je kotu an yi rantsuwa, an kawo shaidu biyu da suka san shi. Na ce shaidun suna maƙabarta. A bar shi. Ya riƙe sunan, ya fi ni biyan kuɗinsa.

Saura gonar. Baba ya ce sai an gan shi ko an ga wanda ya ga kabarinsa. Ba a gan shi ba, kabari kuwa babu. Amma na ga yatsansa a rubuce, kuma na san Baba, da ya ga wannan da ya sauke kai. Na gaya wa Abdulsamad in an yanke shinkafar bana su kira liman a raba yadda Allah ya ce. Sharaɗi ɗaya na sa. Aiken da aka yi masa don gayaunar nan ne, ba za a raba ta ba sai garmar ta shiga ƙasarta, ko da sara ɗaya ne.

Tana nan, kada ki yi mini wannan kallon. Tambaya ya gyara ta a ranar, ya rataye. Da zai mutu ya gaya wa ɗansa, ɗan ya gaya wa nasa. Jamaluddeen, jikan, yanzu walda yake yi, yana gyaran injin ban-ruwa, maƙerar ma ta koma shago mai rufin kwano, amma da suka tashi ginin sai da suka mayar da ita saman ƙofa. Shekara da shekaru in na je Kura ina wucewa ta gaban, in saci kallo, in ga bakinta, in wuce. Ban taɓa taka ciki ba. Jamaluddeen ya taɓa tare ni a hanya ya ce, "Baba, kayanku fa?" Na ce, "Mai shi yana zuwa."

Baba ya ce wanda ya kai shi zai karɓo, wanda ya taka ban da shi bai yafe ba. Na kai wa liman wannan ma, ya ce rantsuwar fushi ce, kuma mai ita ya tafi, in je ba komai. Ni dai abin da na gaya wa kaina, tunda ya ɗauki sunana ya tafi da shi, ni ma sai in ɗauki aikensa.

Sau biyu ina sa rana. Ta farko na ce ƙafa tana ciwo. Ta biyu har na sa hula, na zauna a zaure, na ji la'asar ta yi ban tashi ba. In na karɓo ta, ba sauran abin da yake jiransa a ƙasar nan.

Shinkafa ta fara ja, bai fi sati uku a sa lauje ba. Ki gaya wa Abdulsamad ya zo da babur ranar kasuwa, da wuri, kafin rana ta yi zafi. Ya taho da buhu. Ƙotar na san gara ta gama da ita, ƙarfen nake so. In ya zo ya tarar na ce ƙafa, kada ya saurare ni.